Yadda Za Ka Tsufa, Motarka Ta Koma Budurwa, Ka Samu Zango a Yuma

Kai mai motar tafi-da-gidanka, da sanyin Dakota ta arewacin Amurka ya koro ka kudu, matso kusa. Na daɗe a kan hanya har tayoyina sun haddace kowane rami tsakanin garin Fargo da Yuma ta cikin hamada. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawarin wuri mai ruwa da wuta da inuwar dabino. Orval Lindgren ya bi su, ga shi can yana shan iska.

Mataki na ɗaya: Kada ka tambayi kowa

Kowane zango da dokarsa. Na gwamnati, sati biyu ka naɗe tabarmarka. Wani sai ka kama wuri tun da damina. Wani kuma ba a kamawa, wanda ya riga ka isa shi ne mai wuri. Duk wanda ya tsaya nazarin wannan, sanyi zai wuce yana karatu.

Orval bai tsaya ba. Da likita ya ce gwiwoyin matarsa Darlene suna buƙatar rana, sai ya sayar da gida da shagonsa na gyaran injin wanki, ya sayi tsohuwar mota mai gado da kicin. Ya ɗora Darlene da karensu Janar, wanda ya kusa kai maraƙi girma.

"Ka kama mana wuri kuwa?" ta tambaye shi suna fita gari.

"Hamada ce fa, Darlene. Wa ke kama wuri a hamada?"

Ka ji magana irin ta manya.

Mataki na biyu: Bari uwargida ta gaji

Zango na farko a cike. Na biyu ya karɓe su, amma Darlene na fara sabawa da maƙwabta wa'adi ya cika. Na uku ya ce a dawo baɗi. Wata safiya suka farka a filin ajiye motoci na wani babban kanti, ma'aikaci na tura amalanke ta gefen tagarsu.

Darlene ta ajiye kofin gahawa a hankali. "Orval, ka kai ni inda zan shanya wanki in kwashe shi a wuri ɗaya. In ba haka ba zan koma gidan ƙanwata a Minot, kai da Janar ku ci gaba da yawon duniya."

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya tsorata shi ke nan. Ya zo wurina, na nuna masa Zangon Dabino Bakwai, inda 'yan Dakota ke taruwa su yi zaman sanyi gaba ɗaya. Dokokinsa uku: a samu mai shekara hamsin da biyar ko fiye a motar, mota kada ta wuce shekara goma, kare kuma ya zama wanda za a iya ɗauka a hammata.

Orval shekararsa hamsin da uku. Darlene, kamar yadda ya sani tun ranar aure, hamsin da ɗaya. Motar kuwa ta isa jefa ƙuri'a.

Mataki na uku: Tsufar da kanka

Furfura ba ta jiran mai haƙuri, sai ka taimaka mata. Barbaɗa fulawa a gashi da gira. Ja wando har ƙirji. Nemi sanda. Ci abincin dare tun la'asar, ka riƙa tuna farashin mai a zamanin da. Duk abin da aka ce maka, ka ce "Iye?"

Orval ya yi atisaye har ya fara nishi kafin ya zauna, ko ba kowa a wurin.

"Wannan nishin na wasa ne ko na gaske?" in ji Darlene.

"Ni ma na daina bambancewa."

"Ka bar wannan shirme, Orval. Wataƙila akwai wata hanya."

"Iye?"

Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta rufe.

Mataki na huɗu: Mayar da motarka yarinya

Za su nemi hoto. Mota tana da gefe biyu, hoto yana da ɗaya. Mai hankali ba ya ɓata fenti. Orval ya fente gefen dama fari tas, ya bar na hagu da tsatsarsa da maƙalallen ƙarfen da ke riƙe da taga. Aka aika hoto, aka ce su zo.

Ka tuna, daga ranar sai ka riƙa tunkarar duniya da gefen dama. In ofis yana hagu, shiga da baya.

Mataki na biyar: Kare ya zama dangi

Dokar kare ta shafi kare ne kawai. Orval ya zaunar da Janar a kujerar baya, ya ɗaura masa gyale da hular rana da baƙin tabarau, ya raɗa masa suna Goggo Agnes, wadda ba ta son magana tun da aka yi mata aikin maƙogwaro.

Mataki na shida: Fuskanci mai zango

Suka shiga da baya, tsakar rana, zafi kamar bakin tanda. Mai zangon, Madam Rosalind, ta fito da takalmin roba, ta tsaya. Orval ya sauko yana dogara sanda. Gumi ya haɗu da fulawa, ƙullu ya fara gangarowa ta bayan kunnensa.

"Baba, kanka na narkewa," in ji ta.

"Iye?"

Ta zagaya motar ta hagu, ta ɗan jima a can. Ta leƙa taga, Goggo Agnes ta lashe mata hannu har gwiwa. A ransa Orval ya hango Darlene a tashar jirgi da akwatinta, shi kuma ya rage daga shi sai kare mai gyale.

Sai Darlene ta sauko. Madam Rosalind ta ƙura mata ido.

"Darlene Haugen? Ta Minot? Wadda ta fasa min haƙori a filin wasan sulu kan ƙanƙara?"

"Rosalind, ke ce kika yi ƙiba haka?"

Suka rungume juna suna dariya. Madam Rosalind ta juya ga Orval. "Kai kuma me ya kai ka wasa da fulawa? Mutum ɗaya doka ta nema. Wannan ai ajinmu ɗaya, har ta ɗan girme ni, ni kuwa bara na cika sittin."

Orval ya saki sanda. Ya dubi matarsa, yana ƙirga da yatsu, yatsun suka ƙare.

"Na so in gaya maka," in ji Darlene. "Kai ne ka ce 'Iye.'"

"Tun ranar aure nake cewa iye?"

"Tun ranar aure ba ka tambaya ba. Kai ka yi hasashe, ni kuma ban ga dalilin ɓata maka lissafi ba."

Aka ba su wuri a can ƙarshe, gefen tsatsa na kallon katanga. Goggo Agnes aka yarda ta zauna, muddin ba ta cire gyale a gaban jama'a ba. Orval ya yi kwana biyu yana fushi a kujerar direba. A na uku ya kawo wa Darlene gahawa har gado, ya ce, "Ga shi, Yaya." Ta wurga masa matashin kai. Gwiwoyinta sun yi sauƙi, har tana rawa a taron ranar Laraba.

Gargaɗi

Ni dai hanya na nuna. In fulawa ta toshe maka kunne, in goggonka ta bi zomo a gaban mai zango, ko ka gano abin da ba ka nema ba a cikin gidanka, kada ka zo ƙofata. Ba ma za ka same ni ba: ni Zangon Dabino Bakwai sun kore ni tun bara, ina fakin a bayan kanti.