Sunan Alhaji a Jikin Kwalba

Idan ana lissafa masu ƙaunar ilimi a Haɗeja, sai a fara da Alhaji Tukur dillalin shinkafa, a huta, sannan a nemo na biyu. Tun da ya ji cibiyar binciken ciwon suga ta wata jami'a na neman garin da za ta buɗe reshe, tausayin al'umma ya hana shi sakat. Tausayin ya kai har ya sa an rubuta masa allo: Cibiyar Alhaji Tukur. Ya kafa kwamiti, ya zaɓi kansa shugaba, ya raɗa wa kansa Garkuwan Masu Suga. Mu 'yan kwamiti babu wanda ya musa. Bakinmu cike yake da kaza a lokacin.

Sharaɗin cibiyar ɗaya ne. Likitarsu, Dakta Aishatu, za ta zo ta gwada jinin mutum ɗari biyu a safiya guda. In gwajin ya yi kyau, reshe na Haɗeja ne. In ya lalace, wani gari ya samu. Ta rubuto da manyan baƙaƙe cewa kowa ya zo bai karya ba. Ni ne sakatare, ni na karanta takardar.

"Wannan tsarin Turawa ne," in ji Garkuwa. "Mutum ya taso daga Guri, wani ya bar kwalekwalensa a Auyo, su zauna ƙofar gidana da yunwa? A ce me a kasuwa? Ai bincike ƙarfi yake so."

Duk mun san ɓarna ce. Malam Shu'ibu, mai koyar da kimiyya a sakandare, har ya buɗe baki. Aka ambaci soyayyen kifi, ya mayar ya rufe.

Ranar gwaji, tun ƙarfe bakwai kunun gyaɗa ke zagayawa, da ƙosai, da shayi mai madarar gwangwani. Garkuwa na zagaya layi da babbar riga. "A ƙara wa Baba Umara suga! Masunci ne, jininsa kimiyya ke jira." Mu muka raba, muka kuma ɗanɗana don tabbatar da inganci. Ni sau uku na tabbatar.

Ƙarfe takwas Dakta ta iso. Ta soki yatsa na farko, ta dubi na'ura. Na goma, ta canza batir. Na talatin ya zo kan Baba Umara.

"'Yata, yi sauri, kar a cinye ƙosan."

Ta ajiye allurar a hankali. "Wa ye a nan bai karya ba?"

Mutum ɗari biyu suka ɓoye kofunansu. Mu muka shiga goge baki da hannun riga. Hannu ɗaya tak ya tashi, mai zobe uku. Garkuwa ba ya cin komai kafin jawabi, saboda murya. Kuma ba ya haɗa kwano da masunta, amma wannan ba ya cikin jawabin.

"Da ma da shugaba ya kamata a fara," ya ce, ya miƙa yatsa yana duban mai hoto.

Ta gwada. Ta sake gwadawa. Ta ɗebi jini a 'yar kwalba ta rubuta sunansa.

"Alhaji, yaushe rabonka da asibiti?"

"Asibiti na marasa lafiya ne. Faɗi kowa ya ji, nawa na samu?"

"Gara mu shiga ciki, Alhaji."

"Faɗi a nan!"

"Ka fi duk wanda ya sha kunu."

Muka tafa. Wallahi hannunmu ne ya saba.

Reshe dai ya tafi wani gari, allon kuwa ana shanya kifi a kansa. Amma a yi wa Garkuwa adalci, burinsa ya cika: sunansa na can cikin cibiyar, a jikin kwalba, a firji.

Kwamiti bai watse ba, ya koma na dubiya. Jiya muka kai masa katan guda na lemo. Likita ta hana shi sha, sai muka taimaka masa.