Akuyar da Ta Sha Maganin Saude

Ku dai ba ku da aiki sai tambaya. Ina ruwanku da sunan tsohuwar? Wata tsohuwa ce, mai hankali kuwa, irin wadda duk unguwa ke zuwa neman shawara wurinta. In za ku ji, ku rufe mini baki.

Matar ɗanta, Saude, tana cikin goyo zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ita. Aka kai ta asibiti. Malamar asibiti ta auna jini, ta ba da ƙwayoyi, ta ce a sha, a ci gaba da ba yaro nono, wannan maganin ba ya cutar da shi. Tsohuwa ta ji. A ranta ta ce, yarinyar da ko haihuwar fari ba ta yi ba, ita za ta koya mini abin da ke bi ta nono? Mai jego ko yaji ta cika sai an gani a jikin jariri, balle ƙwayar Bature.

Suna isa gida ta karɓe maganin. Ba zubarwa ta yi ba, ita ba ta ɓarna. Tana da akuya mai shayarwa, sai ta riƙa daka ƙwayoyin tana cuɗa mata a dusa, safe da yamma, ta kafa kujera tana lura da ɗan akuyar. In ya yi laushi, ta tsirar da jikanta. In bai yi ba, sai Saude ta sha. Abu ɗaya ne ya shige mata: kafin gwaji ya ƙare, magani ya ƙare.

Ɗan akuya sai tsalle yake a kan turmi. Saude kuwa jiki ya yi rau, ko ɗaga yaron ba ta iyawa, shi kuma yana ta tsala kukan yunwa. Dole aka koma da ita asibiti.

Malama ta taɓa goshinta ta ce, "Inna, ta kuwa shanye maganin nan?"

Tsohuwa ta gyara mayafi ta ce, "An shanye shi tas. Na gwada a kan akuyata, 'yar nan. Maganinku ba laifi, ba ya taɓa ɗan da ke shan nono."

"Ai na gaya miki haka tun ranar."

"Kin faɗa da baki. Ni sai na gani da ido."

Malama tana ɗaura wa Saude ruwa, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "To madalla. Sai ki je ki kawo akuyar ta shayar da jikan naki, tunda ita ce ta warke."

Kai kuma me kake leƙen turken akuyata kana dariya? Ita ta fi ku hankali, tun magariba ta kwanta. Ku tashi ku shige gidan sauro, ba ni da akuyar da zan ƙara yi wa magani.