Rasuwar Goggo Mai Katako, Kwana Huɗu Kafin Lahadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Manasseh Zacchaeus, mai ɗakin haɗa waƙa a Kachalla Sembe, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Goggo Mai Katako, manhajar kiɗan da ta zauna cikin kwamfutarsa shekara tara. Ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan jinyar da ba ta kai minti ashirin ba.

Marigayiyar ba ta taɓa mallakar jiki ba. Kwaikwayon wata tsohuwar na'urar kiɗa ce mai gefen katako, ta zamanin wando mai faɗin ƙafa, hotonta kawai ake gani a fuskar kwamfuta. Amma halin tsofaffi ta kwaso kaf. In an tashe ta sai ta yi gyaran murya, "wuuum", kafin ta kula kowa. Muryarta na ɗan karkacewa kamar mai tafiya da sanda, kuma wannan karkatar ce mawaƙa ke tasowa tun daga Yelwa su zo nema.

Mahaifin Manasseh, Baba Zacchaeus, ya yi shekara talatin yana buga wa mawaƙan coci piyano, ya kuma raina kiɗan kwamfuta iyakar raini. Ita kaɗai ya yarda tana numfashi. Bara, wata uku kafin Allah ya karɓi ransa, ya zauna ya buga waƙa guda da muryarta. A nan Manasseh ya yi gangancin da duk mai wannan sana'a ya sani: bai juye waƙar ta zama sauti ba. Sawun yatsun kawai ya adana, wane maɓalli aka danna da wane ƙarfi, wai aikin bai nuna ba, gobe zai ƙara murɗa wani abu. Goben nan ta cinye shekara. Sawun yatsun kuwa ba ya magana sai da bakin Goggo.

Ajalinta a hannun mai ita ya zo, kuma ba ya ɓoyewa. Wata shida kwamfutar na naci a sabunta ta, ranar Laraba ya amsa mata don ta ƙyale shi. Da ta farfaɗo, kowa ya tashi ban da Goggo. Kamfanin da ya haife ta ya rufe tuntuni, wanda ya ba shi ita a filashi kuma ba a san inda ya nufa ba. An gwada ƙannenta uku na zamani. Sun buga waƙar ba kuskure, sai dai kamar an sa wa baƙo rigar Baba.

Ta bar waƙoƙi sittin da ba a kammala ba, da lasifika biyu da suka yi jugum, da waƙar Baba mai minti huɗu, wadda yanzu ba ta da baki.

Gawar tana shagon Siddiq mai gyara a Barade. Yana ƙoƙarin mayar da kwamfutar yadda take a da, bai yi alkawari ba, kai kawai ya girgiza. In bai dace ba, za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar a bakin shagon. Duk mai tsohon kwafinta a wani filashi, ko a ƙasan akwati ne, ya taimaka ya kawo kafin lokacin.

Ranar Lahadi ce addu'ar cikar Baba shekara guda da rasuwa. Mama ta gaya wa dukan zumuntar matan coci cewa a ranar za ta sake jin hannun mijinta, har ta ɗinka sabon zani. Manasseh ya je gidanta sau biyu jiya, ya ci tuwo, ya fito bai gaya mata ba.

Don haka ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don girman Allah, kada su biya ta gidan Mama.