Ƙafar Motar Mamaci

"...ƙalau na kwana, amarya. Ke fa? Na ɗauka sai an naɗo ki a tabarma za ki iya saukowa nan."

"Tabarmar gidanku. Tsaya inda kake, kar ka matso ni, ƙazamin miji. Gaisuwar ma daga nesa ta ishe ni."

Hajiya Daso ce da jikanta Bahauddeen, a wurin ajiye motoci na benensu da ke Bukit Jalil, can ƙasar waje, hawa uku a ƙarƙashin ƙasa. A sama ƙarfe sha ɗaya ne na safe, amma a nan babu safe babu yamma. Fitilun wurin masu jin motsi ne, in ka taka su kama, in ka tsaya su mutu. Motoci ne jere ƙura ta cinye su, wasu an lulluɓe su da farin tamfol. Masu su wasu sun gudu ƙasarsu, wasu suna sama a kulle, wasu kuwa sai dai addu'a.

Wankan jegon 'yarta Saudatu, uwar Bahau ɗin, shi ya kawo Daso ƙasar nan. Kwana arba'in ta zo yi, korona ta rufe hanya, ga shi yarinyar da aka haifa har tana gudu. Yau kuma ba shan iska ya sauko da ita ba. Tun asuba hancinta ya mutu. Ta shafa turare, shiru. Ta buɗe robar daddawa ta cusa hanci, shiru. Shekara arba'in tana wankan gawa a Gwale, ba ita za a tsorata da mutuwa ba. Abin da ya hana ta sakat shi ne motar asibitin nan da take gani ta taga: mutane cikin farar leda, ba fuska, su ɗauki mutum shi kaɗai, sai dai labarinsa ya dawo ta waya. Ta ƙudurta a ranta cewa in asibiti za ta, jininta ne zai kai ta har ƙofa. Surukinta kuwa dokar kulle ta tsare shi a Johor da motarsa. Mota ɗaya ta rage a gidan, ita ma ba ta da ƙafa.

Ga ta nan, ja, ƙofa biyu, an ɗora ta a kan ƙarafa huɗu. Ta Ankul Teoh ce, wani tsohon Basine na hawa na sha biyu, mai miƙa wa Daso lemo duk sanda suka haɗu a lif. Ya kwance ƙafafun ya sayar don ya sa sababbi, cutar ta riga shi, ya rasu. Matarsa ta sallama wa Bahau motar a arha don kawai ta daina ganinta.

"To maigida, yaushe gurguwar taka za ta miƙe?"

"Gurguwa? Wallahi in ta miƙe, kafin ki ce bisimilla mun kai Penang." Ya ɗago waya daga nesa yana nuna mata. "Kalli. Rim, ƙarfen taya, inci sha tara, baƙi wuluk. Daga Japan za a kawo, kwana ashirin."

"Kwana nawa?"

"Ashirin, ko ya ɗan fi. Shipping is slow lah, kin san yanayin."

Daso ta matso kaɗan. Ta gyara takunkumin fuskarta, biyu ta ɗora yau, ta ƙanƙance ido tana duban wayar.

"Ina tayar?"

"Ga ta nan a jiki."

"Wannan zaren? Robar da nake ɗaure kitso ta fi ta nama. Kai dai komai naka a rame, kamar ƙafafunka."

"Low profile ake ce mata, 'yar ƙauye. Ita ke sa mota ta kama titi in an sha kwana."

"Wane titin? Wanda 'yan sanda suka tare? Kai da aka yanka maka kilomita goma, daga nan sai kantin nan da suke ce wa kedai ka sayo madara ka dawo. Wace kwana za ka sha, kwanar bayan gida?"

"Ba za a dawwama a kulle ba ai."

"Ɗayar fa? Na ji kana gaya wa abokinka akwai wata."

Ya yatsina fuska. "Sha bakwai. Tana shagon wani Ba'indiye a Puchong, yau ma in na ce zai kawo har nan ya ɗaura. Amma ta tsofaffi ce, da kyar ma rim ɗin ya rufe bireki. Tsayin kusan ɗaya ne duka, kin gane? In ƙarfen ya girma sai robar ta rame, in ƙarfen ya ƙanƙance sai robar ta yi kauri. Mai kaurin laushi ne da ita, amma ba kyan gani."

"Wato ɗaya ƙashi ce, ɗaya nama. Ka taɓa ganin mai hankalin da aka ajiye masa nama ya zaɓi ƙashi? Da yake an haife ka ranar da aka ɗauke wuta, ba laifinka ba ne."

Ta durƙusa da kyar a gaban motar, ta buɗe tafin hannu, ta fara awo daga cibiyar ƙafar zuwa ƙasa, babban yatsa da na tsakiya suna tafiya a hankali.

"Me kike yi haka? Akwai tef a but."

"Riƙe tef ɗinka. Ni da taƙi nake awo, kuma ban taɓa yanka likkafani ya gaza ba." Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ma ba za ka ci yadi da yawa ba."

"Kai! Daina auna ni da ido, tsohuwar nan!"

Da suka daina motsi, fitilar kansu ta mutu. Duhu ya rufe su ruf. Wani bututu yana ɗiga a wani wuri, ɗis, ɗis. Sai can ƙarshen layi, wajen lif ɗin da ba wanda ya kira, wata fitila ta kama ita kaɗai. Ta mutu. Ta gabanta ta kama, ita ma ta mutu, sannan ta gaba da ita, kamar mai tahowa ba ya sauri. Saura layi biyu a iso gare su abin ya tsaya.

Bahau ya kaɗa hannu sama da ƙarfi, tasu ta kama.

"Kyanwa ce," in ji shi.

"Kyanwa mai hawa lif. Mai motar ne ya zo jin shawarar da za a yanke."

"To in shi ne, yana bayana." Ya zaro wata takarda daga aljihu, muryarsa ba ta gama dawowa daidai ba. "A cikin motar na tsince ta, rubutun hannunsa ne. Sha tara ya rubuta, har ya ja layi biyu. Wasiyya ce fa, amarya. Ke da kike ustaziya."

"Wasiyyar ubanka. Takalmin da mutum ya auna bai rayu ya sa ba, shi za ka sa ka ɗauki matarka a ciki? Dubi can."

Ta nuna gindin ginshiƙin da ke kusa da motar. Lemo uku ne a faranti, da tsinkayen turare da suka ƙone, da tulin toka. Watan da Sinawa ke ƙona wa matattunsu kayan takarda ne, kuma a cikin tokar akwai guntun wata 'yar mota ta kwali, ja, wuta ta ci gabanta ta bar ƙafar baya guda.

"Ka gani? Matarsa ta riga ta aika masa tasa can, da ƙafafunta. Ya samu sha tararsa. Wannan ta masu rai ce, masu ciwon baya. Tudun da ke bakin get ɗin nan kaɗai, in ka haye shi da ni a kan zaren nan, sai dai a tsince ni guntu-guntu."

"Faɗuwa ta zo..." Ya katse, ya sake sabuwa. "Ai shi ke nan, mun huta. Ki mutu kawai mu sha gumba. Shekara nawa muna jira, har cokali na saya."

Sau dubu ya faɗa mata wannan maganar, tun yana yawo ba wando, sau dubu tana rama masa. Yau sai ta ji ta shige ta har ƙashi. Ta haɗiye, ta ce, "A ina za ka samu gero a garin nan, mayunwaci? Sai dai ka sha gumbar shinkafa, ta shaƙe ka, ka biyo ni."

Ta ja wani bokiti da aka kife a bayan ginshiƙin ta zauna, ta jingina, tana mayar da numfashi a ɓoye. Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta ga Bahau ya daina dariya. Ba ita yake kallo ba. Ƙasa yake kallo, daidai gefen ƙafarta.

"Amarya."

"Mene ne?"

"Me kike ji?"

"Surutunka."

"A hanci nake nufi."

Ta yi saurin duban tokar nan. "Ƙaurin turaren mutanen nan mana. Duk ya cika wuri."

"Turaren tun shekaranjiya ya mutu."

Ta bi idonsa. A gefen zanenta, kusan tana taɓa shi, wani farin kwano ne na roba a buɗe, cike da duriyan, 'ya'yan itacen nan mai warin masifa da 'yan ƙasar ke mutuwa a kansa. An hana shiga lif da shi, shi ya sa yaron ke ɓuya a nan ƙasa ya ci. Bara da ya shigo da shi gida a naɗe cikin leda uku, daga ɗaki ta jiyo, ƙofa biyu a rufe, ta kore shi baranda, ta wanke labule, ta kwana biyu tana tsine wa bishiyar. Yau ga ta zaune a kansa.

Ba wanda ya motsa. Fitilar ta sake mutuwa, wannan karon ba wanda ya kaɗa mata hannu.

"Tun yaushe?" muryarsa ta fito daga cikin duhu.

"Asuba."

"Shi ya sa kika ce kar in matso."

"A'a, don ƙazantarka ce."

"Umma ta sani?"

"In ta sani, kafin a yi azahar masu farar leda suna ƙofa. Ka san uwarka da rawar jiki." Sannan ta faɗi abin da bai saba fitowa daga bakinta ba. "Tsoro nake ji, Bahau. Ba na son baƙi su ɗauke ni kamar kaya. Kai nake so ka kai ni, in ga ƙeyarka a gabana har ƙofar asibiti. Daga nan kuma abin da Allah ya yi."

Ta ji ya ja hanci sau biyu. Sai hasken waya ya haska fuskarsa, idanun sun yi ja. Ba'indiyen nan na Puchong ya kira, ya kawo sha bakwai yau.

"Boss? Seventeen inch, four. Today, boleh? No, not tomorrow. Now-now." Ya saurara. "Four o'clock. B3, red car."

Ya kashe wayar, ya kaɗa hannu, haske ya dawo.

"Ƙarfe huɗu. Yana gama ɗaurawa mu tafi a gwada ki, ke a baya, taga a buɗe. Umma kuma ni zan gaya mata, amma sai mota ta sauka ƙasa." Ya goge ido da gefen riga, ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Kin ci, tsohuwa. Wata shida ina mafarkin sha tara, kin mayar min da mota ta kai 'yan biki."

"Ai da ma motar kai amarya ce. Kuka kake? Mijin banza, ko mutuwar ban yi ba."

"Duriyan ne ya shigar min ido."

"To bari in ɗanɗana shi. Shekara ɗaya da rabi yana cin zalina, yau dai na fi ƙarfinsa. Ja baya tukuna. Ƙara. Taku goma na ce."

Ya ja baya har ya jingina da wata mota mai farin tamfol. Daso ta ɗaga takunkumin, ta ɗebo da yatsu uku, ta yi bisimilla ta kai baki. Ba ta ji komai ba, ko zaƙi ko ɗaci, tamkar jiƙaƙƙiyar auduga take taunawa. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya yana kallonta.

"To?" ya ce. "Ya kika ji?"

"Mugun miji," in ji Daso. "Ashe daɗin nan kake ɓoye min? Bar min kwanon duka."