Nomau da Motar Yaya Kulu

A Tudun Maƙera akwai wani magidanci, Nomau, wanda duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Gida ɗaya suke da yayarsa Kulu, ungozomar garin. Da gwiwarta ta fara ciwo, sai ɗanta ya aiko mata da mota mai canza giya da kanta. Nomau ya rantse shi zai riƙa kai ta wurin masu naƙuda. Tuƙin bai ba shi wuya ba. Tsayawa ce ta gagara.

Wata rana suna dosar ƙofar gida, Kulu ta ce, "Kafin ka taɓa komai, ka tsaya cak." Nomau ya saki sitiyari ya miƙe tsaye. Kansa ya bugi rufi, motar ta shige dangar maƙwabci. "Birki nake nufi, ka taka birki," in ji ta. Ya shafa ƙullutun kansa ya ce, "Gobe ma mu sake, Yaya."

Wata rana ya taka birkin daidai, har ta yaba masa. Ta ce, "To, yanzu kama giya ka kai P, wurin fakin." Ya ɓata fuska. "Yaya, tunda nake ban taɓa giya ba, ba kuma a motarki zan fara ba." Ya buɗe ƙofa ya fice abinsa. Motar ta ci gaba da rarrafe da Kulu a ciki, ta bi ta kan gyaɗar da aka shanya. Sai da liman ya zaunar da shi ya bambance masa giyar mota da ta kwalba.

Wata rana kuma ya tsaya, ya kai P, ya ja birkin hannu. Kulu ta sauka tana cewa, "Saura ka kashe ta." Tana ɗaki ta ji tas. Ta fito ta tarar da shi da taɓarya, fitila ɗaya ta tarwatse. "Tana da taurin rai," in ji shi, "har yanzu tana numfashi."

Wata rana aka kira Kulu haihuwa a wani gida da ke kan gangara. Can ƙasa rafi ne, mata cike suna wanki. Tana sauri ta ce, "Ka tabbata ba ta gudu ba." Nomau ya san maganin dabba mai gudu. Ya aro igiyar rijiya, ya ɗaure motar tamau a jikin tsamiya. Mazan unguwa suka yi ta dariya, shi ko a jikinsa, ya ƙara ƙulli biyu.

Ashe giyar ba ta gama shiga P ba. Can sai wayar birkin hannun, wadda ta daɗe da cinyewa, ta tsinke. Motar ta zabura ta nufi rafi. Igiya ta miƙe, tsamiya ta girgiza, motar ta tsaya. Dariya ta ɗauke.

Kulu ta fito tana goge hannu, ta dubi igiyar, ta dubi matan da ke ƙasa.

"Na ga take-takenta tun a hanya," in ji Nomau. "Me aka samu, Yaya?"

"Mace," ta ce. "Kwance ta mu tafi gida."