Ribar da Ba Ta Nuna Ba

Jama'a, ku yi mini jaje, gidana ba rufi. Ba iska ce ta yaye shi ba, ni na yaye da hannuna ranar Lahadi, na sayar wa mai gwangwan tsohon kwanon a kan peso ɗari huɗu. Ga damina a bakin ƙofa, kun kuwa san ruwan garinmu Orizaba ba ya sallama.

Shekara ashirin da biyu ina tura buhuna a kamfanin sabulu. Duk watan Mayu ana ba mu kasonmu na ribar shekara. Bana sai aka liƙa takarda a allon sanarwa, wai hannun jarin da kamfani ya saya a kasuwa ya hau da miliyan talatin. Aji huɗu na yi, amma na san miliyan. Maƙwabcina Nicanor mai faci ya buga lissafi a bayan kwalin taba.

"Eleuterio, sabon kwano har banɗaki! Yaye tsohon kawai, uban tsoro."

Jiya na karɓi ambulan, peso dubu da ɗari biyu. Ko kwano biyar ba za su saya ba. Na hau bene wajen Mai Girma Sarkin Alƙaluma, akantanmu, mai takardun shaida biyar a bango.

"Ranka ya daɗe, ina sauran?"

"Zauna, Malam Eleuterio. Ai ba mu sayar da jarin ba. Farashinsa na ranar ƙarshen shekara muka duba muka rubuta. Riba ce, amma ba ta nuna ba tukuna."

"Mangwaro ce?"

"Kusan haka."

"To ku tsinko mana."

"Haba, a sayar yana cikin hawa?"

"Bara da ya faɗi fa? Kuka ɗauke mana gahawa da burodin safe, kuka ce asara. An sayar a lokacin?"

"A'a."

"Amma ita ta nuna."

Ya gyara tabarau, ya ce manya a babban birni ne suka tsara ƙa'idar, shi bi kawai yake yi. Allah ya ƙara wa manyan nan basira! Sun samo bishiyar da asararta ke faɗowa ɗanya a kan lebura, ribarta kuwa tana can reshen sama, ana ɗaukarta hoto. Ni da na bar makaranta da wuri, ina zan iya wannan dabara?

Ina saukowa na tarar ana kwance ƙaton ƙyallen roba da aka rataya a ƙofar kamfani don bikin ribar. Taku goma ne tsawonsa. Mai gadi ya ce bola za a kai shi. Na ce bolar tana gidana.

Ni da Nicanor muka ɗaure shi bisa ɗakin kwana, da la'asar ruwa ya sauko. Matata Crescencia ta tsaya riƙe da bokiti tana kallon sama, inda aka rubuta SHEKARAR RIBA MAFI GIRMA, haruffan sun juya baya.

"Tsoho, me aka rubuta?"

"Rabonmu ne."

"To, ba ya yoyo dai," in ji ta, ta ajiye bokitin.

Don haka ina da ƙaramin roƙo ga manyanmu masu albarka. In jarin ya sake hawa bana, a taimaka a buga ƙyallen ya fi wannan faɗi. Kicin ɗinmu har yanzu a buɗe yake.