Wadda Ta Ɗauki Cikin Baba

Wannan kam ko na tsufa ba zan taɓa mantawa ba. Babana tsohon shofer ne, direban mota, ga tansiyo, wato hawan jini. Tun da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan inda yake aiki ya zauna gida, ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura, ya yi ta faɗa har la'asar. Na fara jin haushinsa, abin da ba na so ke nan.

Sai na karanta a waya wai in mai ciki ta sha fargaba, sinadarin firgita na jikinta yana isa ga jariri, in ya manyanta jikinsa ba ya saurin sauka daga tashin hankali. Baba kuwa ɗan shekarar fari da yunwa ne. Shi ke nan na lula. Ina wanke-wanke ina hango Hajiya, kakata, da ƙuruciyarta, tafe cikin rairayi da tsohon ciki, dabbobi sun ƙare, Baba a ciki yana jin zuciyarta kamar ganga daga nesa. (Har hawaye na yi wa fim ɗin da na haɗa da kaina.)

Ranar bikin ƙanwata a nan Arlit, mata cike da tsakar gida, na durƙusa gaban Hajiya na zuba lacca. Na ce yanzu na gane Baba, wahalar da ta sha da cikinsa ce ke bin sa.

Ta dube ni. "Ke 'yar nan, wane ciki? Ni riƙonsa aka ba ni bayan yaye. Ga mai cikin can."

Ta nuna ƙanwarta, Inna ta garin Tawa, wadda ba ta kiran sunan Baba, in ya shigo ta tashi ta fita. Ni duk shekarun nan na ɗauka ƙin sa take, gaisuwa ma ciki-ciki nake mata. Ashe ɗan farinta ne, kunya ce. Kowa ya sani (har amaryar da na girma). Aka kwashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta yi dariya ba, mayafi ta ja ta rufe fuska. Da aka watse ta kira ni bayan ɗaki, ta tambaya ko abin da wayar ta ce gaskiya ne. Na ce likitoci ma ba su gama ganewa ba. Sai ta ce:

"Mutumin nan naku, yana shan maganinsa?"

Na ce wani bi.

"Ki riƙa tuna masa. Kada ki ce ni na ce."

Yanzu kafin in yi wa tsofaffi bayanin kimiyya, sai na fara tambayar wa ya haifi wa.